Zaman doya da manja: me maganaɗisu ke yi wa sufakondakta a siraran fallaye?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne a shekarar ƙarshe. A aji an koya mana cewa maganaɗisu yana kashe sufakondakta, wato abin nan da lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da turjiya ba idan ya yi sanyi ƙwarai. Sai kuma na ga masu bincike suna ɗora fallen ƙarfe mai maganaɗisu a kan fallen sufakondakta da gangan. In dai kashe shi yake yi, me suke nema?

Amsa: Ƙanena, malamanka ba su yi maka ƙarya ba, rabin labarin suka ba ka. A dunƙulen ƙarfe mai kauri, wanda za ka iya riƙewa a hannu, abin da aka koya maka haka yake. Amma idan aka sirance ƙarfen har kaurinsa ya koma 'yan nanomitoci, wato kaurin atam kaɗan, kisan ba ya zuwa farat ɗaya. Yana zuwa daki-daki, kuma kafin sufakondakta ya mutu yakan yi wasu abubuwa da ba ya yi ko kaɗan in yana zaune shi kaɗai. Waɗannan abubuwa ake nema. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma har yau shi ne ɓangaren fiziks da ya fi burge ni, don haka ka yi haƙuri in na yi dogon bayani.

Mu fara da tushen gabar. Tun 1911 Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden ta ƙasar Holan cewa zaiba tana rasa turjiyarta gaba ɗaya a digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga matuƙar sanyi, amma sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka bayyana dalili. Elektiron ne ke haɗuwa biyu-biyu, su yi tafiya tare kamar abu guda. Ni ina kiransu tagwaye. Kowane elektiron yana da juyi irin nasa, wanda ke mai da shi wani ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kallon sama ko ƙasa. A sufakondakta na yau da kullum, irin su dalma da alminiyam da niyobiyam, dole ɗaya daga cikin tagwayen ya kalli sama, ɗayan ya kalli ƙasa. Shi kuwa ƙarfe mai maganaɗisun kansa, kamar baƙin ƙarfe ko kobalt ko nikel, aikinsa ke nan ya tilasta wa duk elektiron su kalli gefe guda. Ƙarfin da yake yin haka da shi muna kiransa ƙarfin musaya. To, gwada su ka gani: abin da ke riƙe da tagwaye a niyobiyam bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin dubu na elektiron-bolt ba (ma'aunin kuzari ke nan a duniyar atam), alhali ƙarfin musaya a baƙin ƙarfe ya kusan kai elektiron-bolt guda cur. Ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ba kokawa ba ce ma tsakanin tsara da tsara.

An ga wannan a zahiri tun 1958, lokacin da Matthias da Suhl da Corenzwit suka zuba gadoliniyam kaɗan, wani ƙarfe mai maganaɗisu, a cikin lantanam, wanda sufakondakta ne: wajen kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya shafe sufakondaktancin. Abin lura shi ne, in ka zuba ƙazantar da ba ta da maganaɗisu, kusan babu abin da ke faruwa, kamar yadda Anderson ya nuna a 1959. Abrikosov da Gor'kov suka kawo lissafin ƙazanta mai maganaɗisu a 1960. Nan darasin ajinku ya tsaya.

Kafin in wuce, akwai abin da nake so ka riƙe da kyau, domin ko manyan masu bincike sun sha tuntuɓe a kansa. Maganaɗisu yana taɓa sufakondakta ta hanyoyi biyu mabambanta. Ta farko ita ce filin da ke fitowa daga jikinsa zuwa waje, wanda ke jan allura. Wannan fili yana lanƙwasa tafiyar elektiron, kuma shi ne sufakondakta ke korewa daga cikinsa, kamar yadda Meissner da Ochsenfeld suka gano a 1933. Ba ya buƙatar fallayen su taɓa juna. Ta biyu ita ce ƙarfin musaya, wanda ba ya tsallake iska ko rata. Sai elektiron ya shiga cikin ƙarfen, ko aƙalla ya goga iyakarsa. A siririn falle, in maganaɗisun ya kwanta a jikin fallen kuma duk yana kallon gefe ɗaya, filin waje kusan ba ya tasiri, sai a bakin-bakin. Saboda haka sirantawa tana ba mu damar ware hanya ta biyu mu nazarce ta ita kaɗai. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ake aiki da fallaye.

Dalili na biyu shi ne tagwaye ba sa tsayawa a iyaka. In ka manna sufakondakta da jan ƙarfe, tagwayen sukan kutsa cikin jan ƙarfen, su yi tafiyar nanomita gommai har ɗaruruwa kafin su rabu, gwargwadon sanyi da tsabtar ƙarfen. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Silin gashin kanka ya haura nanomita dubu hamsin. In kuwa kobalt ne a maimakon jan ƙarfe, tafiyar ba ta wuce kimanin nanomita guda ba, atam huɗu ko biyar ke nan. Hauser da Theuerer da Werthamer sun auna yadda fallen maganaɗisu ke danne zafin sauyi na fallen dalma tun 1966. Zafin sauyi shi ne matakin da in an sauko ƙasa da shi turjiya ke ɓacewa: digiri 7.2 na Kelbin a dalma, 9.2 a niyobiyam, 1.2 a alminiyam.

Da a ce mutuwa kawai tagwayen ke yi a wannan ɗan taƙi, da ban rubuta maka komai ba. Abin da ke faruwa ya fi haka daɗi. Da zarar sun shiga ƙarfe mai maganaɗisu, wanda juyinsa ya dace da na ƙarfen sai ya ɗan ƙara sauri, ɗan'uwansa kuma ya ɗan rage. Ka taɓa tsayawa ka saurari mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, hannun ɗaya ya ɗan fi na ɗayar sauri? Da farko taɓaren suna faɗawa bi da bi, can sai su haɗu su faɗa tare, can kuma su sake rabuwa su koma bi da bi. Haka igiyar tagwayen ke yi yayin da take nutsawa cikin ƙarfen: tana raguwa, amma kuma tana kaɗawa, ta fara da alamar tarawa, ta ratsa sifili, ta koma alamar ɗebewa, ta sake dawowa. Fulde da Ferrell a Amurka, da Larkin da Ovchinnikov a Tarayyar Sobiyet, sun yi hasashen irin wannan hali a 1964, kowane ɓangare da kansa. A dunƙulen abu yana da wuyar kamawa ƙwarai. A siririn falle kuwa kullum yana nan, kauri kawai za ka daidaita.

Me wannan sauyin alama ke haifarwa? Ɗauki fallen sufakondakta biyu ka sa wani siririn abu a tsakaninsu, ka sami mahaɗar Josephson, wadda lantarki marar turjiya ke tsallakewa. A al'ada igiyoyin ɓangarorin biyu sun fi son su tafi kafaɗa da kafaɗa. Amma in abin tsakiyar mai maganaɗisu ne, kuma kaurinsa ya faɗa daidai inda alamar ta juye, sai ɓangarorin biyu su fi samun natsuwa in sun saɓa da juna da rabin zagaye, digiri 180. Wannan ita ce mahaɗar π. Bulaevskii da abokan aikinsa sun yi hasashenta a 1977, Buzdin da Bulaevskii da Panyukov suka nuna a 1982 cewa za ta bayyana a irin wannan jeri na fallaye uku. Sai da aka jira kusan shekara ashirin kafin a gan ta, saboda baƙin ƙarfe da kobalt sun yi ƙarfi da yawa: kuskuren atam biyu a kauri ya isa ya rikita komai. Dabarar da ta warware matsalar ita ce a raunana maganaɗisun. Ryazanov da abokansa a Chernogolovka kusa da Mosko suka gauraya jan ƙarfe da nikel kusan rabi da rabi, suka sa shi tsakanin fallen niyobiyam biyu. A 2001 suka ba da rahoton abin da har yau nake ganin yana cikin mafi kyawun gwaje-gwajen fannin. Suna ƙara sanyaya mahaɗar, lantarkin da take iya ɗauka, maimakon ya yi ta ƙaruwa kamar yadda kowa ya sani, sai ya sauko har sifili, sannan ya sake tashi. Wurin da ya taɓa sifili nan ne mahaɗar ta sauya daga ta al'ada zuwa π. A daidai wannan lokaci Kontos da Aprili da abokansu a Orsay ta Faransa suka ga sauyin alamar da gaurayen faladiyam da nikel. A 2006 mutanen Chernogolovka suka bi kaurin daki-daki, suka sami sifili biyu, ɗaya wajen nanomita 11, ɗaya wajen 22. A shekarar ce kuma Robinson da Blamire da abokansu a jami'ar Kambirij ta Ingila suka kama kaɗawar a cikin kobalt tsantsa, inda zagaye guda bai wuce kimanin nanomita 2 ba.

Akwai wata shaidar da ta riga wannan fitowa, wato kaɗawar zafin sauyi da kansa. A 1995 Jiang da Chien da abokansu a jami'ar Johns Hopkins suka jera fallayen niyobiyam da gadoliniyam, suka ga zafin sauyin yana sauka, ya ɗan hau, ya sake sauka yayin da ake ƙara kaurin gadoliniyam. A 2006 Zdravkov da abokansa suka nuna abin da ya fi haka ban mamaki da niyobiyam da gaurayen jan ƙarfe da nikel: sufakondaktancin ya ɓace ɗungum a wani kauri, da aka ƙara kaurin maganaɗisun kuma sai ya dawo. Ka ƙara maƙiyi, abin ya farfaɗo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa “yana kashe shi” ba ta ƙare magana ba.

Sai dai a nan zan ja kunnenka, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Ga yadda ake yin waɗannan fallaye: ana sa ɗan yankin silikon a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta, a saki iskar argon kaɗan, a kunna wuta mai launin shunayya da ke fizgo atam daga faifan niyobiyam su sauka a kan silikon ɗin kamar raɓa. Don a sami kauri iri-iri a zubi ɗaya, akan karkata wurin fesa maganaɗisun yadda fallen zai fito da kauri a wannan baki, siriri a wancan, sannan a yayyanka shi sala-sala, a manna wa kowace sala wayoyi huɗu, a zura ta a tulun ruwan hiliyam. Ina ɗalibi na taɓa samun kyakkyawan tudu a zanen zafin sauyi, na yi makonni ina murna na kama kaɗawa. Da na maimaita da jan ƙarfe zalla a maimakon maganaɗisun, wanda bai kamata ya nuna komai ba, sai tudun ya sake fitowa a wuri guda. Ashe wata 'yar kafa ce a tukunyar ke shigo da iska, niyobiyam kuwa mayen iskar oksijin ne: kashi ɗaya cikin ɗari na oksijin yana rage masa kusan digiri guda. Na ji zafin abin sosai, amma ya koya mini aiki. Ban da oksijin, atam na fallaye biyun sukan cakuɗe a iyaka su bar wani yanki da maganaɗisunsa ya mutu, kuma falle mai tsananin siranta sau da yawa ba ya zama maganaɗisu sai ya kai wani kauri. Duk waɗannan suna iya kawo tudu da kwari a zane. Shi ya sa ni a wurina mahaɗar π ta fi zama hujja, domin ana iya sa ta cikin zobe a auna saɓanin rabin zagayen kai tsaye.

Yanzu ƙara fallen maganaɗisu na biyu, ka sa sufakondakta a tsakiya. De Gennes ya yi tunanin wannan tun 1966, Tagirov da kuma Buzdin da abokansa suka sabunta lissafin a 1999. In fallayen biyu suna kallon gefe ɗaya, tasirinsu a kan tagwaye yana haɗuwa. In suna kallon saɓanin juna, wani yana soke wani, zafin sauyi ya ɗan hau. Ke nan in ka tsaya a wani zafi tsakanin matakan biyu, juya maganaɗisu ɗaya kawai zai kunna ko ya kashe sufakondaktancin, kamar makunnin fitila. Wannan ɗan'uwan tsarin nan ne da Fert da Grünberg suka gano a 1988, inda turjiya ke sauyawa gwargwadon inda fallayen maganaɗisu ke kallo, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2007 kuma ya shiga cikin ma'ajiyar kwamfuta. Amma sakamakon farko ya sanyaya gwiwa. Gu da abokansa a cibiyar bincike ta Argonne a Amurka sun sami bambancin kashi 6 cikin dubu na digiri ne kacal a 2002, ƙasa ƙwarai da hasashe. Wasu ma suka sami akasin abin da ake zato, kuma daga baya aka fahimci cewa a yawancin irin waɗannan filin waje ne ke yi musu shigar sauri: lokacin da maganaɗisu ke juyawa yakan rarrabu yanki-yanki, kuma daga iyakokin yankunan fili ke ɓullowa ya ratsa sufakondaktan. Ka ga amfanin rarrabe hanyoyi biyun da na faɗa maka tun farko. Gwajin da ya yi aiki tsaf shi ne na ƙungiyar Moodera a jami'ar MIT ta Amurka a 2013, da alminiyam siriri tsakanin fallaye biyu na yurofiyam salfaid. Wannan abu maganaɗisu ne amma lantarki ba ya bin sa, don haka tagwayen ba sa zurarewa cikinsa su ɓata, ƙarfin musayarsa kawai suke ji a iyaka. Da shi aka sami cikakken kunnawa da kashewa, kamar yadda de Gennes ya zana shekara arba'in da bakwai kafin nan.

Abin da ya fi kowane girgiza fannin ya zo a 2001, daga lissafin Bergeret da Volkov da Efetov. Sun ce in alƙiblar maganaɗisun ba ɗaya ba ce ko'ina, in tana karkacewa kusa da iyaka, to za a iya juya tagwayen su koma masu kallon gefe guda, duka sama ko duka ƙasa. Yadda abin yake: falle na farko yana cakuɗa tagwayen kamar yadda na kwatanta da lugude, falle na biyu da ke kallon wata kusurwa daban kuma yana ganin wani kaso na wannan cakuɗe a matsayin tagwaye masu juyi iri ɗaya. Irin waɗannan ƙarfin musaya ba ya raba su, tunda duk biyun gefen da yake so suke kallo, sai su yi nisa cikin maganaɗisu kamar suna cikin jan ƙarfe. A 2006 Keizer da abokansa a Delft ta Holan suka ga lantarki marar turjiya ya ratsa ɗaruruwan nanomitoci na kuromiyam dayoksaid, abin da elektiron masu juyi iri ɗaya tak ke iya bi ta cikinsa. Tagwaye na al'ada ba su da hanyar shiga nan ko kaɗan. An yi ta muhawara saboda sakamakon yana da wuyar maimaitawa, sai a 2010 ƙungiyoyi biyu suka kafa hujja da gangan. Ƙungiyar Birge a jami'ar jihar Michigan ta sa siraran fallaye masu raunin maganaɗisu a gefe da gefen kobalt. Ƙungiyar Kambirij kuma ta yi amfani da holmiyam, wanda maganaɗisunsa da ma a murɗe yake kamar igiya, yana juyawa daga jerin atam zuwa na gaba. Duk biyun sun nuna abu ɗaya: in ka cire fallen karkatarwa lantarkin ya mutu cikin 'yan nanomitoci, in ka mayar da shi ya tsallake gommai.

Ka tambayi me suke nema. Lantarkin da ba shi da turjiya kuma yana ɗauke da juyi abu ne da a da ake ganin ba zai yiwu ba. Kwamfutocin da aka gina da sufakondakta suna da sauri kuma ba sa cin wuta sosai, amma babbar matsalarsu ma'ajiya ce da za ta yi aiki a digiri 4. Mahaɗar da za a iya sauya ta tsakanin ta al'ada da π ta hanyar juya ɗan maganaɗisu tana iya riƙe sifili ko ɗaya, kuma ƙungiyar Birge ta nuna irinta a 2016. Ra'ayina shi ne wannan ɓangare yana da ƙafafu a ƙasa, ko da yake har yanzu yana ɗakin gwaji, kuma abin da ke riƙe shi ba fiziks ba ne, wahalar ƙera dubban mahaɗai masu hali iri ɗaya ce, alhali rabin nanomita na sauya komai.

Sabon fagen shi ne na abubuwan da da ma Allah ya halicce su falle-falle, ana ɓare su da salatif har a kai kaurin atam kaɗan. Iyakarsu sumul take, babu cakuɗewar da ta wahalar da mu. A 2020 wata ƙungiya a jami'ar Aalto ta Finlan ta shuka falle ɗaya na kuromiyam buromaid a kan niyobiyam dayiselenaid, ta ga alamu a bakin tsibiran da fallen ya yi, ta fassara su da yanayin Majorana, wani hali na musamman na elektiron wanda ake fatan zai amfani kwamfutar kwantam, wato mai aiki da dokokin duniyar atam. Aikin yana da kyau, amma ka karanta duk wani iƙirarin Majorana da natsuwa. Atam mai maganaɗisu a kan sufakondakta yana haifar da wasu yanayi na yau da kullum, waɗanda Yu da Shiba da Rusinov suka bayyana tun shekarun 1960, kuma suna iya kama da abin da ake nema. An ma taɓa janye wata fitacciyar maƙala ta 2018 kan Majorana a 2021.

Tunda kana shekarar ƙarshe, ga aikin da zai zaunar maka da abin a kai. Nisan da tagwaye ke yi a ƙarfe mai maganaɗisu shi ne tushen murabba'i na ħD/E, inda ħ ke nufin tsayayyen adadin Planck da aka raba da 2π, D ke nuna saurin bazuwar elektiron, E kuma ƙarfin musaya. A jan ƙarfe sai ka maye gurbin E da 2πkT, inda k ke nufin tsayayyen adadin Boltzmann, T kuma zafi a ma'aunin Kelbin. Sa D ya zama santimita murabba'i 5 a daƙiƙa, E elektiron-bolt guda, za ka sami kusan rabin nanomita da ɗan ɗori. Sannan ɗauki D na 100 a digiri 4.2 don jan ƙarfe, ka ga ya haura nanomita 50. Daga nan ka juya lissafin: da D na 5, wane E ne zai ba ka nisan nanomita 3 ko 4, irin wanda ya sa gaurayen Ryazanov ya yi aiki? Ka turo mini abin da ka samu, mu duba tare.